Kuɗin Sun Shiga ko Ba Su Shiga Ba? Aikin Mai Tsara Manhaja a Kasuwannin Makarfi, Ikara da Kudan

A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin watan Fabrairun 2023 ya kama, tsabar kuɗi ta yi ƙamfa a ƙasa baki ɗaya: tsofaffin takardu sun koma banki, sababbi kuwa sai wane da wane. A ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan lamarin ya faɗo ne a tsakiyar rani, lokacin da ake saran rake ana dafa mazarƙwaila, tumatir kuma yana nuna a fadamu. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, tumatir kuwa ba ya jiran hukuncin kotu. Dole manomi da dillali da direban motar kaya suka koma ga waya. Mutanen da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba suka koya cikin makonni, wasu a hannun 'ya'yansu, wasu a rumfar mai POS.

Tsabar kuɗi ta dawo daga baya, amma tiransifa ta zauna da gindinta. Tare da ita wata tambaya ta zauna, wadda ake ji daga Tashar Yari zuwa Hunkuyi a kowace ranar kasuwa: kuɗin sun shiga ko ba su shiga ba? Mai saye yana nuna allon wayarsa, mai sayarwa yana duba tasa bai ga komai ba, mota tana tsaye da lodin rake. An saba ɗora laifin a kan rashin sabis ko ƙarancin karatun boko. Duka biyun suna da nasu kaso. Amma akwai kaso na uku da ba a cika ambata ba, wato aikin da ya kamata wani ya yi tun kafin manhajar ta iso hannun jama'a, bai yi ba ko kuma ba a ba shi damar yi ba. Wannan mutum shi ne mai tsara manhaja.

Wane ne mai tsara manhaja?

Hannaye da yawa ke haɗuwa a kan manhaja guda. Injiniya ne ke rubuta umarnin da ke sa kuɗi su tashi daga wannan asusu su sauka a wancan. Mai zane ne ke zaɓen launi da tambari. Mai tsarawa kuwa shi ke yanke abin da mutum zai fara gani idan ya buɗe, matakai nawa zai taka kafin ya biya buƙatarsa, wace kalma za a rubuta a kan maɓalli, da abin da allo zai ce idan abu ya lalace. Mafi kusa da shi a kasuwa shi ne dillali na ƙwarai, wanda ya san harshen mai kaya ya kuma san na baƙon da ya zo saye, ba ya barin ɗayansu ya tashi bai fahimci abin da aka ƙulla ba.

Ana iya taƙaita aikinsa a tambayoyi uku da duk mai riƙe da waya ke yi a zuci, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Ina nake a cikin wannan abu? Idan na danna nan me zai faru? Da na danna, me ya faru? Manhajar da ta amsa ukun nan ta fito fili, ko da ba ta da ado. Wadda ta gaza a ɗaya daga ciki ta bar mutum cikin duhu, ko da ta sha launi.

Masanin nan ɗan Amurka, Don Norman, ya kafa wannan hujja a littafinsa na 1988 wanda aka fi sani da The Design of Everyday Things. Abin da ya tsaya a kai shi ne, idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a binciki abin da aka ƙera kafin a zargi masu amfani da shi. Bahaushe ya riga shi da cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Fitilar da ta faɗi rabin gaskiya

Norman yana cikin waɗanda suka yi nazarin hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pensilbaniya, wanda ya auku ranar 28 ga Maris 1979. Wani bawul da ya kamata ya rufe ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zurarewa. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar da ma'aikata suka ɗauka tana nuna bawul ɗin ya rufe. Ashe abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin ya rufe. Sama da awa biyu ƙwararrun ma'aikata suka yi suna aiki da fahimtar da ba daidai ba, domin fitilar ta ba da labarin umarni a matsayin labarin sakamako.

Irin wannan fitila tana cikin aljihun dubban mutane a ƙasar Zazzau. Kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani suna bi ta tsarin NIBSS, wanda ya fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011. Tafiyar hawa-hawa ce: bankin mai turawa ya cire, tsarin tsakiya ya miƙa, bankin mai karɓa ya saka a asusu, sannan a aiko da saƙon da ake kira alat, wanda shi kuma da tasa hanyar dabam ta kamfanin waya. Kowane hawa yana iya tsaikowa. Amma sau da yawa allon mai turawa kalma ɗaya ya sani, ta Turanci mai nufin an yi nasara, da koren alama a gefenta. Nasarar wane hawa? Mai saye ya karanta ta a matsayin an biya, alhali wataƙila ma'anarta an cire daga wajensa ne kawai. A cikin wannan giɓi ne mazambata masu alat na bogi da rasit na jabu suke kiwo, a cikinsa ne kuma mutanen kirki biyu suke rantse-rantse a kan kwandon tumatir, kowa da gaskiyarsa.

Mai tsarawa ba shi da ikon gyara turken sabis. Abin da ke hannunsa shi ne ya sa allo ya faɗi iyakar abin da manhajar ta sani: an cire daga asusunka, bankinsa bai tabbatar da karɓa ba tukuna, kada ka sake turawa, ga lambar da za ka nuna idan lokaci kaza ya wuce. A 2020 Babban Banki ya ƙayyade wa'adin mayar da kuɗin cinikin POS da bai yi nasara ba zuwa awa 72. Dokar tana nan a rubuce, amma dokar da mai rake bai gani a allonsa ba a daidai lokacin da kuɗinsa suka maƙale ba ta kwantar masa da hankali.

Akwai kyawawan misalai da ke nuna abin mai yiwuwa ne. Sunan mai asusu da ke bayyana bayan an shigar da lamba goma, kafin a danna turawa, shawara ce ta tsari, kuma ta ceci kuɗi masu yawa daga faɗawa hannun da ba nasu ba. A Kenya, kamfanin Safaricom da ya ƙaddamar da M-Pesa a 2007 ya ƙara wani mataki a 2015 mai suna Hakikisha, wanda ke nuna sunan mai karɓa ya kuma ba da 'yan daƙiƙoƙi na fasawa. A Indiya, kamfanin Paytm ya fito da ɗan akwatin magana da ake ajiyewa a kan teburin ɗan kasuwa. Kuɗi na shiga sai ya faɗi adadin da murya, cikin harshen da mai shago ya zaɓa. Mai shagon ba ya buƙatar duba wayar mai saye, ba ya buƙatar iya karatu. An ɗauke shaida daga hannun mai biya an mayar da ita hannun mai karɓa, inda ya kamata ta kasance tun farko.

Fassara kaɗai ba ta wadatar ba

Da zarar an yi maganar manhaja da Bahaushe, amsar da ke zuwa a guje ita ce a fassara ta. Fassara alheri ce, amma ita ce mataki na ƙarshe. Manhaja tana ɗauke da zato game da mai amfani da ita, kuma zaton yana nan ko da an sauya harshe.

A duba fom ɗin buɗe asusu. Yana neman sunan iyali, alhali a Makarfi ko Kudan mutum yakan haɗa sunansa da na mahaifinsa, ko na kakansa, ko na garinsu, kuma yana iya zaɓen wannan a makaranta ya zaɓi wancan a banki. Muhammad guda yana da rubutu huɗu ko biyar a boko. Ranar da aka ce sai bayanan BVN, wadda aka fara a 2014, sun dace da na NIN, sai wannan bambanci ya zama tafiya zuwa Zariya da bin layi. Fom ɗin yana neman ranar haihuwa daga dattijon da ke lissafin shekarunsa da sarautar wani sarki, sai a cike masa 1 ga Janairu, gobe kuma a tambaye shi ita a matsayin shaidar shi ne. Yana tambayar sunan da mahaifiya ke amsawa kafin aure, a wurin da mace ba ta saba sauya suna don ta yi aure ba, kuma ambaton sunan uwa a gaban baƙo abin kunya ne. Duk wanda ya fassara waɗannan tambayoyi zuwa Hausa mai daɗi ya fassara matsala ne kawai.

Haka batun adadi. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifili ɗaya ne, a kan ƙaramin allo, a cikin hasken rana, ga idon da ya haura hamsin. Tsari mai hankali yakan maimaita adadin da kalmomi ko da murya, naira dubu hamsin, kafin a nemi lambar sirri. Manhajar da aka yi don manoma kuma, idan tana tambayar kilo da hekta, tana magana ne da jami'in ofis. Mutumin Ikara da kwando da buhu da tiya da dami yake lissafi.

Ko rubutun Hausar ma da nasa tarkon, wanda sai mai tsarawa da ya san sana'arsa zai hango. Saƙon waya na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa irin ɗ ko ƙ ko ɓ ya shiga, sai ya koma 70. Shi ya sa ake zubar da lanƙwasa, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Dole a zauna a zaɓi kalmomin da ba za su rikice ba ko da an zubar. Masu ƙananan wayoyi kuma sun dogara ne da lambobin USSD, inda allo guda ba ya wuce haruffa 182, layin kuma yakan yanke idan mutum ya daɗe bai danna ba. A Maris 2021 aka sa naira 6.98 a kan cinikin banki ta wannan hanya. Mai karatu a hankali, wanda ke haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, shi ne layin ya fi yanke wa. Kowane mataki da aka rage masa, da kowane jeri da aka bari a inda ya saba samunsa don yatsansa ya haddace, rangwame ne na gaske.

Takardar naira kanta ta koyar da wannan darasi. Rubutun ajami da ke jikinta yana gaya wa wanda ya yi karatun allo darajar abin da ke hannunsa. A 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 sabuwar naira 100 ta fito babu shi, ya rage a manyan takardu uku. Duk abin da mutum yake gani game da muhawarar da ta biyo baya, waɗanda suka fara sa shi sun gane cewa iya karatu kala-kala ne. Ɗimbin waɗanda fom ke kira marasa ilimi suna karatu daga dama zuwa hagu, suna kuma riƙe lissafin bashin mutum talatin a ka.

Shirin tallafin taki na GES, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2012 lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, ya nuna fuskokin lamarin biyu. Tunanin mai kyau ne: a tura wa manomi saƙo a wayarsa ya je ya karɓi buhu biyu a rabin farashi, a tsallake 'yan tsakiya. Amma tsarin ya ginu a kan zaton kowane manomi yana da wayar kansa, da caji, da sabis, da ikon karanta saƙon. Inda ɗaya daga cikin huɗun ya faɗi, sai manomi ya sake neman wani ya tsaya masa, ɗan tsakiyan da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Abin da masu ja za su ce

Akwai masu cewa lokaci zai warware komai: yara suna tasowa da waya a hannu, nan da 'yan shekaru ba wanda zai ruɗe. Sai dai ruɗanin da aka bayyana a sama bai tsaya kan marasa boko ba. Ma'aikatan Three Mile Island ƙwararru ne. Malamin jami'a ma yakan tura kuɗi sau biyu idan allo ya yi shiru. Bambancin shi ne malamin yana da abin da zai ci kafin a mayar masa, mai kwando biyar kuwa jarinsa ke nan.

Akwai masu cewa tsada ce, kamfani ba zai aika ma'aikata Hunkuyi don sauraron masu tumatir ba. Amma ana biyan kuɗin ruɗani ko an so ko an ƙi. Ana biyansa a layin ƙorafi na banki, a ladan da ake ba mai POS don ya danna abin da mutum zai iya danna wa kansa, da kuma lambar sirrin da ake faɗa wa wani saboda babu yadda za a yi. Ana biyansa kuma da juya baya. An ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba 2021, amma wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. Dalilan suna da yawa, amma tambayar farko ta mai tsarawa tana cikinsu: wace buƙata wannan abu yake biya wa mutum wadda abin da ke hannunsa bai biya ba?

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa sauƙaƙawa tana iya zama tarko, kuma suna da gaskiya. Manhajojin ba da bashi da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta far wa a 2022 ba su da wuyar amfani ko kaɗan. Dannawa kaɗan kuɗi sun shigo. Abin da aka ɓoye shi ne yawan ruwan da zai hau, da izinin kwashe lambobin 'yan uwa da abokai da mutum ya bayar bai sani ba, waɗanda daga baya ake aika wa saƙon cin mutunci. Su ma tsara su aka yi, da gwaninta. Saboda haka sauƙi dabam, bayani dabam. Ma'aunin shi ne ko mutum ya san abin da ya amince da shi a lokacin da ya amince. Manhajar da ta ƙara girman maɓallin karɓa ta ƙanƙantar da rubutun caji tauye mudu take yi, sai dai mudun nata ba a ganinsa.

Inda gyara zai fara

Yawancin manhajojin da ake amfani da su a waɗannan garuruwa a Legas ko a wajen ƙasa aka tsara su, a kan manyan wayoyi da intanet mai ƙarfi. Ba mugunta ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa ba su taɓa kwana a ɗakin ba. Maganin yana kusa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana yaye masu ilimin kwamfuta da masu zane da masana harshen Hausa, kuma cibiyarta ta NAERLS ta shafe shekaru da dama tana nazarin yadda ake isar da bayani ga manomi. Mutumin da ake nema yana tsakanin waɗannan sassa. Matashin da ya tashi a Kudan, ya san abin da dillali ke nufi da la'ada, ya kuma koyi tsara manhaja, yana riƙe da ilimin da kamfani ba zai samu a littafi ba, kuma ya kamata a daina ɗaukar sana'arsa a matsayin ta wanda ya kasa zama injiniya.

Sauran nauyin yana kan masu sa hannu a kwangila: manajan banki, daraktan ma'aikata, shugaban asibiti, sakataren ƙungiyar manoma. Kafin a karɓi kowace manhaja da jama'a za su yi amfani da ita, a rubuta sharaɗi guda a takardar yarjejeniya. A kai ta kasuwa a kan ƙaramar waya, a inda sabis ke zuwa yana tafiya. A ba mutum goma irin waɗanda aka yi ta dominsu, har da mata da dattawa, a ce su yi aikin ba tare da an taimaka musu ba, waɗanda suka gina ta suna tsaye suna kallo bakinsu a rufe. A ƙarshe a tambayi kowannensu nawa ya tura, wa ya tura wa, nawa aka caje shi, kuma kuɗin sun isa ko suna hanya. Idan bakwai daga cikin goma suka tsaya a wuri guda, a mayar da manhajar a gyara wurin, kuma kada a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangilar sai an sake gwajin.